Tuwon da Ya Shiga ta Ƙofar Baya

Ni tela ne, kuma ina noma kamar kowa a ƙauyenmu. Karatun boko a aji shida na firamare na tsaya, daga nan mahaifina ya kai ni wajen wani ƙaninsa na koyi keke. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya zaci wani masani ne ya yi abin da zan ba da labari.

Halina tun ina ƙarami shi ne damuwa. Idan na auna mutum sai na sake aunawa, idan ya juya zai tafi in kira shi in ƙara duba kafaɗa. Ƙyallen da ya rage a yadin mutum, ko bai kai tafin hannu ba, sai na naɗe na saka masa a aljihun rigar, don ina tsoron a tambaye ni shi gobe kiyama. Maiɗakina takan ce da ana sayar da tunani a mudu, da tuni mun sayi mota.

Ƙauyenmu yana arewa da birnin Kano, inda gonaki suke manne da katangun gidaje, kuma daga masallacinmu kana jin kiran sallar ƙauyen da ke gaba. Ƙasa ta yi mana kaɗan, saboda haka kusan kowane gida akwai wanda ya tafi nema. Wasu suna birni, wasu Abuja, wasu Legas da Fatakwal. Muna da guruf a waya inda ake sanar da abin da ya faru a gida, amma guruf ɗin ya zama kasuwa. Gaisuwar Juma'a, hotunan furanni, wa'azi, musun ƙwallo, duk a wuri ɗaya. Wata rana wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu, ni na rubuta sanarwar, kafin azahar saƙonni sun binne ta. Jikanta da ke Fatakwal bai ji ba sai bayan sadakar bakwai. Da ya kira ni bai zage ni ba, kuka kawai ya yi. Na yi kwanaki ina ganin laifina ne, da na sake turawa sau biyu ko uku da ya gani.

Wani malamin makaranta da ke koyarwa a Gezawa, wanda nake yi wa ɗinki, shi ya fara gaya min cewa mutum zai iya buɗe shafin intanet na garinsu, inda sanarwa za ta zauna wuri guda ba abin da zai binne ta. Ya ce akwai wuraren da suke ba da fili kyauta, kuma da waya ma ana yi. Ya nuna min sau ɗaya yana jiran in gama kafa masa maɓalli, ya tafi abinsa.

Na fi wata biyu ina fama. Sabis ba ya shiga shagona, sai na je gindin tsamiyar da ke bayan makarantar firamare, nan ne yake kama sanda biyu ko uku. Bayan la'asar nakan rufe shago in je in zauna a kan saiwa, in kalli bidiyon wani mutum da yake bayani da Hausa, in tsayar, in gwada, in ɓata, in koma baya. Umarnin duk da Turanci yake, ni kuwa Turancina na firamare ne, don haka na riƙa rubuta kalmomin a bayan littafin awo tare da abin da kowacce take yi idan an taɓa ta. Kalmar sirri ma a nan na rubuta ta, sannan tsoro ya kama ni kada wani ya gani, na yage shafin, washegari na manta ta, na sake komai daga farko. Haruffanmu masu ƙugiya sun ba ni wahala. Sai in rubuta sunan unguwa daidai, idan ya fito sai in ga ɗan akwati a madadin harafin. Sai da na canza salon rubutun sau da yawa kafin na samu wanda ya yarda da su. Hotuna kuma suka ƙi hawa saboda nauyi, har na koyi yadda ake rage su.

Maiɗakina ta ga na rame a kan abin. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, wai gidan nan da kake ginawa a cikin waya, ɗaki nawa ne?"

Na ce huɗu. Ɗaya na rasuwa, ɗaya na suna da ɗaurin aure, ɗaya na farashin hatsi ranar kasuwa, ɗaya na hotunan gari.

Ta ce, "To a ƙara na biyar in zuba kajina, tunda na nan shekara biyu kana cewa za ka gyara."

Kafin in sake shi ga jama'a sai da na je wajen mai unguwa neman izini. Na same shi da liman a zaure. Mai unguwa ya riƙe wayar nesa da idonsa ya ce, "Wa zai ga wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk duniya."

"Duk duniya me za ta yi da mu?"

Liman ya yi dariya, sannan ya ce abu ne mai kyau, amma in kula, abin da ba zan iya tsayawa a ƙofar masallaci in faɗa ba kada in saka. Na ce in sha Allahu. Har na rubuta maganar tasa a littafin awo.

Shafin ya karɓu. Mutanenmu na nesa suka riƙa kira suna sa albarka. Wani direba da ke Legas ya ce ya ga hoton rijiyar unguwarsu ya tsaya a gefen titi yana kallo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma kaina ya ɗan kumbura. Mutumin da bai wuce aji shida ba, ga malaman makaranta suna tambayarsa yadda ya yi.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, aminin mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Gonarsa tana gabas da gari, mai ɗorawa biyu a tsakiya, kuma a gonar aka haife shi a iya cewa, don gidansu yana bakinta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, sai shi da wata ƙanwarsa tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda muke kira Inna. Ɗansa namiji ɗaya ne, sa'ana, tare muka yi firamare. Yana sayar da kayan gyaran mota a birni, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya gina gida mai get a wajen Ungogo. Ya daɗe yana son ya ɗauke mahaifinsa ya koma da shi can, a sayar da gonar, don masu yanka filaye sun fara zuwa ta wajenmu. Baba ya ƙi. Duk abin da ɗan ya aiko sai ya rarraba wa jikoki, ya ce shi yana da hatsinsa. Ana cikin wannan ja-in-ja ne Baba ya yanke wa ɗansa magana a gaban mutane ranar wata salla. Ya ce, "Muddin ina iya kiran gayya in ciyar da ita daga gidana, ka bar ni a gonata. Ranar da na kasa, zo ka ɗauke ni, ba zan ce uffan ba." Ina wurin aka yi. Da kunnena na ji.

A wajenmu gayya ba kyauta ba ce zalla. Mai gona ne yake kira, mutane su zo da fartanyoyinsu su yi masa aikin yini, shi kuma ya ciyar da su. Abincin nan shi ne mutuncinsa. Wanda aka yi wa aiki ya ciyar, maigida ne ya kira 'yan'uwansa. Wanda aka yi wa aiki bai ciyar ba, taimakonsa aka yi.

Ƙarfin Baba ya ƙare, gwiwoyinsa suka kumbura, abin da gonar take bayarwa kuma ba ya kai su damina. Sai matan unguwa suka yi wata dabara, ban san wadda ta fara ba. Ranar gayyar Baba, gidaje kaɗan sukan dafa tuwo da miya da kunu tun da safe, a rufe da tsumma, a bi ta lungu a shigar ta ƙofar bayan gidansa. Inna ta juye a akussanta da ƙorenta. Idan rana ta take, sai a fito da abincin ta zaure, ta ƙofar gaba, a kai gona. Duk wanda ya gani ya ga abinci ya fito daga gidan Baba. Shekara uku ana haka. Gidana yana cikin masu dafawa. Ba wanda ya taɓa zama ya ce a ɓoye, kuma ba wanda ya taɓa faɗa.

A daminar da nake ba da labari, gayyar ta faɗo lokacin maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Muka jeru tun hantsi bai ɗaga ba. Baba yana zaune a kan buzu a gindin ɗorawa, sanda a gefensa, yana ba da umarni kamar mai sauran ƙarfi.

"Kai mai nama, wannan noma ne ko susa kake yi wa ƙasar?"

Mahaucin unguwarmu ya ɗago ya ce, "Baba, ina lallaɓa ta ne, ka san tsohuwa ce kamar mai ita."

"Tsohuwar da ta ciyar da ubanka. Sunkuya."

Da aka kawo abinci muka zauna a inuwa. Baba ya riƙa cewa, "Ku ci, ku ci, kada ku raina, abin da ya samu ke nan." Mahaucin ya kai loma ya lumshe ido ya ce, "Kai, Inna ta iya miya. Baba, a ba ni aron ta mana ta koya wa ta gidana, ita kullum sai ta cika gishiri." Aka fashe da dariya, don duk mun san miyar matarsa ce yake sha. Baba ma ya yi dariya har da tari.

Ni kuwa ina ta ɗaukar hoto. Na ɗauki layin masu noma, na ɗauki ɗorawar, na ɗauki Baba a kan buzunsa da gonar shimfiɗe a bayansa kore shar. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan kyau ba.

Washegari bayan la'asar na je gindin tsamiya don in saka su. Na rubuta cewa an yi gayya a gonar Baba, na jera waɗanda suka zo, na duba kada in bar kowa. Har zan tura, sai damuwata ta motsa. Na ce a raina, maza sun samu yabo, hotonsu zai je har Legas. Matan da suka tashi suka surfa dawarsu, suka ƙona itacensu, suka tuƙa tuwo, fa? In yaba wa wasu in bar wasu, wannan ba cin hakki ba ne? Na tuna maganar liman, na auna ta, na ga ai godiya ce, kuma godiya ana yin ta a ƙofar masallaci. Sai na ƙara layi biyu. Na ce muna kuma godiya ga gidajen da suka dafa abincin gayyar suka kai gidan Baba kamar yadda suka saba, domin rumbunsa ba komai, Allah ya saka musu. Na jera gidaje biyar, har da nawa, na sa shi a ƙarshe don kada a ce na yabi kaina.

Sau uku na karanta kafin in tura. Abin da nake dubawa shi ne ko haruffan ƙugiya sun fito, da ko na rubuta sunan kowa daidai. Maganar da Baba ya yi wa ɗansa ranar salla ba ta zo min ba ko sau ɗaya. Na sha tambayar kaina yadda aka yi haka, mutumin da yake tuna ƙyallen da bai kai tafin hannu ba. Amsar da na samu ba mai daɗi ba ce. Ina tsoron kada a same ni da laifi ne, hankalina yana kan kaina, ba ya kan Baba.

Kwana biyu ana yaba hotunan. A rana ta uku da hantsi ina kan keke, sai ga maiɗakina a ƙofar shago da mayafinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Matar yayanta da ke birni ce ta kira ta.

Ta ce, "Malam, me ka rubuta a kan tuwon gidan Baba?"

Na ce godiya na yi musu.

"Wa ya ce maka muna so? Da godiya muke nema, ta lungu za mu bi? Ba mu san hanyar zaure ba ne?"

Na sauke ƙafata daga kan keke.

Ta ce, "Kullum tare muke kwana muke tashi. Da ka tambaye ni mana. Kaza ma kana tambayata kafin ka sayar."

Na bar shagon a buɗe na yi gindin tsamiya da gudu, ni da furfura ta fara fito min. Na kuskure kalmar sirri sau biyu. Na goge layukan. Amma a ranar na koyi abin da mai bidiyo bai koya min ba. Wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun ya tura a guruf ɗin 'yan garinmu mazauna birni, da niyyar alheri shi ma, wai a ga zumuncin gida. Daga baya na ji cewa a kasuwa wani abokin wasan ɗan Baba ya ɗaga murya a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ashe matan unguwa ne suke riƙe mana da Baba? Ka faɗa mana mu ma mu kai namu kwanon."

Ranar Juma'a ɗan Baba ya zo. Bayan an sauko daga masallaci ya tsayar da motarsa a ƙofar shagona ya shigo. Na miƙe na ba shi benci, bai zauna ba. Na shirya wa zagi, har na fi son ya zage ni.

Ya ce, "Tela, na zo in yi maka godiya."

Na ce, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, kuskure ne."

"Wane kuskure? Ƙarya ka rubuta?"

Na ce a'a.

"To. Shekara uku ina zuwa garin nan, ina gaisawa da kowa, kowa yana ce min Baba lafiya lau, hatsinsa ya ishe shi. Liman ya sani, mai unguwa ya sani, kai da muka zauna benci ɗaya a aji ka sani. Ubana yana cin tuwon gidajen mutane, ni ina kwana a ƙarƙashin fanka. Ni ne ban isa a gaya min ba." Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon rigunan da na rataye. "Garin nan kaf kai kaɗai ka faɗa min gaskiya, ita ma sai da duniya ta riga ni ji."

Ba mugun mutum ba ne. Na faɗi wannan don kada labarina ya sa a ga baƙinsa. Da ni ne a matsayinsa ban san abin da zan yi ba.

Da yamma Baba ya aiko a kira ni. Na tsaya a ƙofar zaurensa na yi sallama. Yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafafu. Na durƙusa nesa da shi.

Ya ce, "Matso, ɗan aminina. An ce ka saka ni a waya."

Na ce, "Baba, na goge."

"Ban tambaye ka ba. Karanta min abin da ka rubuta. Kowa ya ji, ni mai abin ban ji ba."

Hoton rubutun yana cikin wayata, don har ni an turo wa. Na karanta masa. Na karanta sunayen masu noma, yana gyaɗa kai. Da na zo layukan nan biyu na tsaya, ya ce in ci gaba. Na karanta cewa rumbunsa ba komai, a cikin zaurensa, a gabansa. Na jera gidajen biyar. Tun da nake ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba.

Da na gama ya ce, "Ka bar gida ɗaya."

Na ɗago.

"Matar marigayi mai gyaran keke. Ita ba ta da dawar bayarwa, daddawa take aikowa. Duk miyar da ka sha a gonata da daddawarta a ciki. Tunda rubutu za ka yi, ai sai ka cika."

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Tuwon gidanka yana da gudaji, na gidan mahauci gishiri. Tsufa na yi, ba hauka ba. Na sani, su ma sun san na sani. Muna zaune lafiya a haka." Ya gyara zaman ƙafarsa da hannu. "Kai ne ka ga abin bai cika ba sai an rubuta."

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa zan je in roƙi Alhaji, zan sa liman da mai unguwa su sa baki. Ya ɗaga min hannu.

"Ba yaron ne zai ɗauke ni ba, maganata ce. A gaban mutane na yi ta. In na janye yau, me ya rage min? Tashi ka je, magariba ta yi. Na yafe maka, kada ka je ka hana kanka barci, na san halinka."

Bayan kwana biyu aka tafi da shi. Inna ta koma wajen 'yarta a wajen Bagwai. Mutane suka taru a ƙofar gida ana sallama, ni na tsaya daga bayan katanga ina leƙe kamar ɓarawo. Ban iya zuwa na riƙe masa hannu ba.

Ba wanda ya tsare ni ya yi min faɗa a garin. Mahaucin ya ci gaba da kawo min ɗinki, liman ya ci gaba da amsa gaisuwata. Sai dai idan na iso majalisa hira takan canza hanya, wani ya ce, "A yi a hankali, ga 'yan jarida." A yi dariya, ni ma in yi. Maiɗakina ta yi mako ba ta ce min komai ba bayan gaisuwa, kuma ta daina zuwa gidajen suna na ɗan lokaci, don matan da aka jera sunayen gidajensu sun ji kunya, kamar su suka sa a yabe su.

A cikin makon na je gindin tsamiya na rushe ɗakin hotuna gaba ɗaya. Sannan na shiga cikin wayar na goge duk hoton da na ɗauka ranar gayyar, na bi su har inda waya take ajiye abin da aka goge na share. Na so in rufe shafin duka, mai unguwa ya hana. Ya ce mutanen nesa sun saba, kuma mutuwa ba ta daina zuwa ba. Don haka na bar sanarwa da farashin hatsi. Har yau ina sakawa, amma ba na tura ko layi ɗaya sai na karanta wa maiɗakina.

Da kaka muka girbe geron Baba muka ɗaure, aka aika masa birni a mota. Da rani sai ga mutane da igiyar awo da ƙananan turakun siminti. Suka yanka gonar gida-gida. Ɗorawa ɗaya ta faɗo a tsakiyar inda suka ce titi ne, aka sare ta.

Sai da damina ta sake zagayowa na samu ƙarfin halin zuwa gaishe shi. Na ɗinka masa riga 'yar shara da awonsa na da, na hau mota zuwa birni, na hau a-daidaita zuwa unguwar. Gida ne mai kyau, tsakar gidan duk siminti. Na same shi a wani ɗaki mai tayil, an sa masa katifa da fanka, ga maganin gwiwa a gefe. An kula da shi, ba abin da zan ce. Ya yi haske, ya kuma ƙanƙance. Rigar da na kawo ta yi masa yawa.

Ya yi murna da ganina. Ya tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko an yi shuka, na ce an yi, ruwa ya sauka da wuri bana. Ya ce nan ba ya gane an yi ruwan kirki ko ba a yi ba, sai dai ya ji shi a kan kwano. Bai tambaye ni gonar ba, ya san abin da aka yi da ita, shi ya dangwala hannu a takardar.

Muna cikin hira sai ya matso ya rage murya, kamar kada a ji a waje.

"Ɗan aminina, an ce hoton da ka ɗauka ranar nan ya yi kyau. Wai har ɗorawar ta fito, da geron duka. Ka san ban taɓa gani ba, rubutun kawai ka karanta min. Yaron nan ba na son in tambaye shi. Ciro wayar taka ka nuna min ita."

Ya goge idonsa da bakin riga, ya miƙo hannu biyu.

Na ciro wayar, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Na ce, "Baba, na goge su."

"Duka?"

"Duka."

Ya daɗe hannuwansa suna miƙe kafin ya mayar da su kan cinyarsa. Ya ce, "To. Ba komai." Sannan ya kira matar ɗansa ya ce a kawo wa baƙo abinci, ya zo daga nesa.